Riƙon Ƙwarya: In Mai Riƙo Ya Fi Mai Kaya Iyawa Fa?

Akwai tambayar da ba mu cika son yi a fili ba, ko da yake da wuya a sami gidan da ba ta taɓa ba a unguwar nan. Wanda aka ba riƙon abu kafin mai shi ya girma, in ya fi mai abin iya riƙo, dole ne ya mayar?

Bari mu fara daga nesa, inda babu wanda zai ce da shi muke. A 1556 Humayun, sarkin daular Mugal ta Indiya, ya rasu ya bar ɗansa Akbar yana shekara 13. Sarkin yaƙinsa Bairam Khan ya riƙe mulki da sunan yaron, kuma ya riƙe da kyau, don a shekarar aka ci yaƙin Panipat, gadon sarauta ya tsira. Amma a 1560 da Akbar ya ce a ba shi kayansa, ya sallami Bairam ya tafi hajji, sai dattijon ya zare takobi. Aka ci shi, aka yafe masa, ya kama hanyar Makka, wani mai tsohuwar gaba ya kashe shi a 1561. A daular Usmaniyya ta Turkiyya ma, Kosem ta riƙe wa ɗanta Murad a 1623, ta kuma riƙe wa jikanta Mehmed a 1648 yana ɗan shekara 6. Rikici ya tashi tsakaninta da uwar yaron, a 1651 aka shaƙe ta a cikin fada.

Kun ga, babu wanda ya ce ba su iya ba. Iyawar ce ma ta ruɗe su. Mutum ya daɗe yana gyara abu, sai zuciya ta fara raya masa cewa wahalarsa ta saye shi.

A ƙasarmu ba a saba naɗa yaro ba. A Zazzau, wadda Kagarko da Jama'a suke ƙarƙashinta a da, sarauta ta zagaya tsakanin Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, ana duba manyan gida a zaɓa. Amma jarrabawar ta zo mana ta wata ƙofa. Da Shehu Usmanu ya rasu a 1817, ƙanensa Abdullahi ya girmi Muhammadu Bello, ga ilimi, ga shi Shehu ya riga ya damƙa masa yammacin daula. Ya iso Sakkwato ya tarar an yi wa Bello mubaya'a, an rufe ƙofa. Ya juya. Bayan 'yan shekaru, da tawayen Kalambaina ya tsananta, Bello ya kawo masa ɗauki, a nan Abdullahi ya gaishe da ɗan wansa da Sarkin Musulmi.

To da a ce ya tara mayaƙan Gwandu ya ce "ni na fi cancanta" fa? Ba sai mun yi hasashe ba, Kano ta ba mu amsa. A 1893 Sarkin Musulmi Abdurrahman ya sa aka naɗa Tukur, 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi suka ƙi, suka bi Yusufu zuwa Takai. Aliyu Babba ya shiga birni a 1894, aka kashe Tukur a 1895. Kowane ɓangare da hujjarsa, amma garuruwan talakawa ne suka ƙone.

Mu ba mu da daula. Muna da shagon marigayi a hannun baffa, da gonar citta a hannun wa, da kuɗin ƙungiya, da limanci ko mai unguwa da aka ce wane ya riƙe "kafin a zauna". Shekara goma ba a zauna ba.

Wani zai ce, to in yaron almubazzari ne, a miƙa masa ya watsar? Magana ce mai nauyi, kuma shari'a ba ta manta da ita ba. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta sa a jarraba maraya, in an ga hankalinsa a ba shi dukiyarsa a gaban shaidu. Amma mu lura, mai cin moriyar jinkiri bai kamata ya zama shi kaɗai ne alƙalin hankalin yaron ba. Ba a ba kura ajiyar nama a kuma ce ita za ta faɗi ranar mayarwa.

Saboda haka ga abin da muke gani. Duk riƙo a rubuta shi ranar da aka bayar: mene ne, nawa ne, na wane ne. A sa shaidu daga dangin uba da na uwa. A yanka lokaci, in ya cika dattawa su zauna, ko mai riƙo ya kira ko bai kira ba. In shi mabuƙaci ne, a yanka masa ladan wahalarsa a fili, don kada ya yanka wa kansa a ɓoye.

Mu da muke zaune da maƙwabta masu kallon yadda muke yi da junanmu, in muka ci amanar marayunmu, da wane baki za mu nemi a amince mana a kasuwa? Iyawa ba ta mai da aro ya zama gado. Allah ya ba mu ikon sauke abin da aka ɗora mana.