Yaron kamara: koyo yake yi ko bauta?



Da, in yaro ya ce zai bar gona, mun san inda ya nufa: ko kasuwa, ko tashar mota, ko cin rani. Yanzu akwai samari da ƴan mata masu cewa aikin silima suke so. Suna son su riƙe kamara, ƙarfen nan mai ɗaukar hoto mai motsi. Wasu sun nufi Yamai, wasu Maraɗi ko Damagaram. Wasu sun tsallaka Kano, inda sana'ar fim ɗin Hausa ta kafu tun wajen 1990.

Amma wanda ya je, ba a miƙa mashi kamara ranar farko. Sai ya zama yaron kamara, kamar yadda ake zama aparanti a mota. Ya yi wata da watanni yana ɗaukar kaya. Sau da yawa babu albashi, sai kuɗin abinci. Ga uwaye a gida suna jiran aike. Ga damina ta kama, hannu guda ya ragu a gona. To, wanga yaro koyo yake yi, ko kuwa bauta? Mu zauna mu auna maganar.

Mine ne aikin yaron kamara?

Shi ke fara zuwa wurin aiki, shi ke tashi daga baya. Da dare ya sa batir a wuta, don kada ya mutu a tsakiyar aiki. Da safe ya goge idon kamara da ƙyalle mai taushi, don ƙura ɗaya a bisa gilashin tana ɓata hoto. Lokacin hunturu wanga aiki ba ya ƙarewa. Shi ke ɗaukar ƙafafun kamara guda uku, ya kafa su daidai. Shi ke jan igiyar awo daga kamara zuwa fuskar ɗan wasa, don hoton ya fito sarai. Shi ke sa alama a ƙasa inda ɗan wasa zai tsaya.

Akwai kuma allo. Kafin kowace ɗauka, yaro ya rubuta lambarta a bisa wani ƙaramin allo, ya nuna ma kamara, ya buga bakin allon, ƙas! Da wannan ƙara ake haɗa hoto da murya daga baya. Sannan ya rubuta cikin littafi: ɗauka ta kaza ta yi kyau, ta kaza ta ɓaci. Kun gani, wanda bai iya karatu da lissafi ba, ko yaron kamara ba zai iya zama ba.

A zamanin da, aikin ya fi haka wuya. Hoto a bisa wani dogon zare ake ɗaukar shi, mai faɗin milimita 16. Cikin daƙiƙa guda hoto 24 ke wucewa. Naɗin mita 120 ba ya wuce minti 11. Zaren nan ba ya son haske ko kaɗan. Yaro kan sa hannuwansa cikin baƙar jaka, ya ɗaura shi da lalube, ba ya gani. Bayan an gama, a aika zaren Faransa a wanke. Sai bayan makonni a san ko aiki ya yi. Yau ɗan ƙaramin kati ya maye gurbin zare. Amma in yaro ya share katin kafin a kwafe shi, wahalar mutane da yawa ta tafi a banza. Abin ya sake kama, nauyin bai sake ba.

Masu cewa bauta ce

Kada mu yi saurin ƙaryata su, suna da hujja.

Suna cewa: yau kamara tana cikin aljihun kowa. Wayar salula tana ɗaukar hoto mai motsi. Don mi yaro zai yi shekara yana ɗaukar jakar wani, alhali yana iya fara nasa yau?

Suna cewa kuma: akwai ubangidan da ke ɓoye sani. Yana tsoron in yaro ya ƙware ya ƙwace mashi abinci. Sai ya riƙa aikensa sayen shayi da wankin mota. In yaro ya yi tambaya, a ce mashi ya cika gaggawa. In ya yi maganar kuɗi, a ce mashi ai sani ake ba shi, sani ya fi kuɗi. Shekara ta zagayo, ba sani, ba kuɗi.

Wannan yana faruwa, kuma ba a silima kaɗai ba. Mun gan shi wurin tela, mun gan shi a gareji. Kalmar haƙuri tana da daɗi a bakin mai ƙoshi. Wani lokaci da ita ake ɗaure mai yunwa.

Yadda magabata suka fara

Mu dubi waɗanda suka buɗe wannan hanya a Nijar.

An haifi Umaru Ganda a Yamai cikin 1935. Ya yi soja a yaƙin Indoshin. Da ya komo bai samu aiki ba, sai ya tafi Abijan yana dako a bakin jirgin ruwa. Can ya gamu da wani Bafaranshe mai yin silima, Jan Rush. Ya fito cikin fim ɗinsa na 1958, *Moi, un noir*. Daga nan ya komo Yamai ya yi ta koyon aikin. Sai bayan wajen shekara 10 ya fito da nasa na farko, *Cabascabo*, labarin tsohon soja da ya komo gida. Cikin 1972, a bukin silima na Fespako a Wagadugu, fim ɗinsa *Le Wazzou polygame* ya ci babbar kyauta. Shi ne mutum na farko da aka ba ta. Ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981.

Mustafa Alasan, haifaffen Ndunga cikin 1942, makanike ne kafin ya zama mai silima. Tun yana yaro yake yanka kwali, ya haska fitila, ya nuna ma mutane inuwa tana motsi. Ba wanda ya koya mashi wannan. Duk da haka bai ce ya gama sani ba. Ya koya wurin Jan Rush a Yamai, ya tafi har Kanada ya ƙaro sanin zane mai motsi. Ya zauna Tawa shekaru da yawa yana aikinsa, ya rasu cikin 2015. Jingare Maiga kuwa ya fito cikin fim ɗin Mustafa na 1966, ya zama mataimakinsa, sannan ya yi nasa, *L'Étoile noire*, cikin 1976.

Mi muka gani a nan? Babu wanda ya faɗo daga sama da kamara a hannu. Da rarrafe yaro kan tashi. Amma mu lura da abu na biyu: kowanensu an buɗe mashi ƙofa. Wanda aka koya mawa, shi ma ya koya ma wani. Da an bar su ga ɗaukar jaka har abada, da ba mu san sunansu ba.

Abin da waya ba ta koyarwa

Gaskiya ne, danna kamara ba wuya. Yaro mai kai zai iya shi cikin mako guda. To, mi ake koyo cikin sauran watannin? Amana ake koyo.

Amana ta farko ta kaya ce. Kamarar aiki ta fi kuɗin shanu da yawa. Makiyayi ba ya ba baƙon yaro garke ranar farko. Sai ya ga yadda ya yi da ɗan akuya guda. Wanda ya manta batir yau, gobe zai manta abin da ya fi batir.

Amana ta biyu ta fi nauyi, ita ce ta mutane. Mai kamara yana shiga gidan buki da gidan mutuwa. Yana ganin tsiraicin talauci, yana ganin hawayen dattijo. Shi ke zaɓen abin da duniya za ta gani da abin da za a bari. In ya ɗauki rumbu guda da ya rushe, ya bar goma masu hatsi, bai ƙaga kome ba, amma ya yi ma gari ƙarya. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Saboda haka ƙaryar hoto ta fi ƙaryar baki ɓarna, don mutane sun fi yarda da ita. Kuma hoto, kamar magana, zarar bunu ne. In ya shiga wayoyin mutane, ba ya komowa.

Ga wani labari da ya kamata kowane yaron kamara ya sani. Jan Rush ya ɗauki fim ɗin farautar dorina tare da Sarkawa masunta a kogin Kwara. Da ya haɗa shi, sai ya sa kiɗa a bisa wurin farautar. Cikin 1954 ya komo Ayaru, ya rataya farin ƙyalle, ya nuna ma masuntan. Suka duba, suka ce kiɗan nan bai dace ba, don farautar dorina shiru ake yin ta. Mai kamara ya saurari mai mashi, ya cire kiɗan. Darasin shi ne: wanda ka ɗauka ya fi ka sanin rayuwarsa. Ka nemi izininsa kafin ka ɗauka. In da hali, ka komo ka nuna mashi.

Ƴan baya ma sun bi wannan hanya. Sani Magori, ɗan Galmi, ya yi fim cikin 2008 a kan albasar garinsu. Ya bi wani manomi tun daga shuka har sayarwa, ga auren ɗiyarsa yana jiran kuɗin albasa. A'isha Maki, ɗiyar Damagaram, ta yi fim cikin 2021 tare da samarin unguwar Kara-Kara, waɗanda mutane da yawa ke tsoro. Irin wanga aiki ba ya yiwuwa sai mutane sun yarda da kai. Yarda kuwa ba a sayen ta a kanti tare da kamara.

Ina yaro zai koyi wannan? A bayan ubangida nagari, yana kallo. Ya ga yadda ake gaida mai gari kafin a fito da kaya. Ya ga lokacin da ake kashe kamara don mace ta gyara mayafinta. Ya ji zafin tsawa a gaban jama'a, don gobe ya san ciwon kunya. An ce wanzami ba ya son jarfa. Mai kamara nagari shi ne wanda ke tambayar kansa: da uwata ce a gaban ƙarfen nan, zan ɗauka?

To, ina gaskiya take?

Ga abin da na gani. Ɗaukar jaka ba shi ne bauta ba, kuma ba shi ne koyo ba. Jaka guda ce, nauyi guda ne. Abin da ke raba su shi ne inda hanyar ta nufa. Hidimar da ke kai yaro ga sani, koyo ce. Hidimar da ke riƙe shi wuri guda don amfanin wani, bauta ce, ko da an kira ta haƙuri.

Saboda haka nauyi biyu ne, ba ɗaya ba. Yaro ya zo da wuri, ya riƙe kaya da gaskiya, ya riƙe bakinsa kan asirin gidajen da ya shiga. Ubangida kuma ya ciyar da shi, ya amsa tambayarsa, ya bar shi ya leƙa idon kamara lokacin hutu. In aiki ya kawo kuɗi, ya ba shi rabonsa. In an rubuta sunayen ma'aikata a ƙarshen fim, a sa na yaro, don da wannan suna zai biɗi aikin gaba. Ubangidan da ke neman haƙuri wurin yaro, alhali shi bai sauke nasa nauyi ba, ya ci bashi ne bai biya ba.

Akwai ma'auni mai sauƙi. Daga kaka zuwa kaka, a tambayi yaro: mi ka iya bana wanda ba ka iya bara ba? In ya ce ya iya auna haske, ya iya daidaita hoto, an fara ba shi ƙananan ɗauka, to ya ƙara haƙuri, yana bisa hanya. In ya yi shiru, ya canza ubangida, ko ya nemi makaranta. A Yamai akwai makaranta inda ake koyar da aikin jarida da na hoto da murya. Barin wurin da ba a koyo ba butulci ba ne.

Ku kuma uwaye, in ɗanku ko ɗiyarku ta zo da wannan magana, kada ku yi dariya, kada kuma ku sallame ta hannu sake. Ku je ku ga ubangidan da idonku. Ku yi magana gaban shaidu: wata nawa za a yi, wa ke ciyarwa, mi za a koya, yaushe za a fara biya, kuma ko za a sake shi ya zo noma da damina. Ku sa a rubuta a takarda, kowa ya riƙe tasa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In kun taru da dare, ku tattauna wannan magana. A garinku akwai aparanti wurin maƙeri, da tela, da direba. A cikinsu, wa ke koyo, wa ke bauta? Kai kuma mai sana'a da ke karanta wanga rubutu, yaron da ke hannunka, mi ya iya bana?

Allah ya ba mu damina mai albarka. Amin.