Kwalin da Ba a Buɗe Ba: Tambaya Kan Farashin Gaskiya



A ƙasar Amurka akwai wani injin wasa da ake kira finbol. Tebur ne dogo mai ƙafa huɗu, an rufe samansa da gilashi, an kuma ɗan karkata shi yadda ƙwallon ƙarfe zai riƙa gangarowa zuwa wajen mai wasa. Mutum yakan jefa kuɗi a ciki, ya harba ƙwallon, sa'an nan ya riƙa danna maɓallai biyu da ke gefe, su kuwa suna motsa wasu 'yan fukafukai da ke bugun ƙwallon sama don kada ya faɗa rami. Birnin Shikago ne cibiyar wannan sana'a. A can kamfanin Gottlieb ya fito da Baffle Ball a 1931, a can kuma aka fara sa fukafukan nan a 1947, a wani inji mai suna Humpty Dumpty. An daɗe ana kallon wasan a matsayin caca, har magajin garin Niyu Yok, Fiorello La Guardia, ya hana shi a 1942, ba a kuwa ɗage hanin ba sai a 1976, bayan wani gwani mai suna Roger Sharpe ya nuna wa majalisar birnin cewa abin na iyawa ne.

A 1997 kamfanin Williams ya ƙera wani inji mai suna Medieval Madness, guda 4,016 kacal. Shekara biyu bayan haka, a 1999, kamfanin ya rufe sashensa na finbol gaba ɗaya. Injunan nan don aiki aka yi su, an kai su shagunan wasa da gidajen shaye-shaye, dubban hannuwa sun buge su, fenti ya goge, sassa sun karye. Saboda haka masu tara irin waɗannan kaya sukan biya kuɗi mai yawa kan wanda ya tsira da lafiyarsa. Wanda kuwa har yanzu yake cikin kwalinsa na masana'anta, ba a taɓa yanke ɗaurinsa ba, shi ne abin da kowannensu yake mafarkin samu.

To, mu ɗauka wani mai sana'ar rarraba injunan nan ya rasu, matarsa tana share sito sai ta tarar da irin wannan kwali a lungu, ya fi kilo 100 nauyi, ya yi ƙura. Ba ta san darajarsa ba, abin da take so a kwashe mata shi ta sami wuri. Ga wani mai tara kaya ya zo, kallo ɗaya ya yi wa lambar da ke jikin kwalin ya gane abin da yake gani. Ta faɗi kuɗi kaɗan. Ya halatta ya biya ya ɗauka, ya ce tsuntsu ne daga sama gasasshe?

Da yawa za su ce ya halatta. Ita ta sa farashi da bakinta, ba wanda ya tilasta mata, shi kuwa bai yi ƙarya ba. Iliminsa ma bai same shi a banza ba, shekaru ya yi yana karatu yana yawon gwanjo, kuma in aka hana mai sani cin amfanin saninsa, wa zai ƙara wahalar da kansa wajen neman sani? Wannan hujja tana da ƙarfi, bai kamata mu yi mata dariya ba. Amma tana ɓoye abu ɗaya: yardar da matar nan ta bayar, yarda ce kan wani abu dabam. A ranta tsohon tarkace take sayarwa. Shi kuwa ya san kadara yake saye. Bakinsu ya haɗu kan kuɗi, hankalinsu bai haɗu kan kaya ba.

Wannan tambaya ta girmi finbol da ƙarnuka da yawa. Waliyyi Agustin, a littafinsa kan Triniti, ya ba da labarin wani mutum da aka kawo wa littafin hannu na sayarwa. Mai sayarwa bai san darajarsa ba, ya nemi kuɗi kaɗan, mai saye kuwa ya ba shi farashin da ya dace, wanda ya fi abin da ya nema nesa. Agustin ya kawo labarin ne don ya nuna cewa son saye da araha da sayarwa da tsada, ko da yake ya zama ruwan dare, hali ne da mutum zai iya fin ƙarfinsa. Waliyyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya ɗauki wannan labari a tambaya ta 77 ta kashi na biyu na sashe na biyu na babban littafinsa, Summa Theologiae, ya ƙara da cewa wanda ya sayi zinariya a hannun mai tsammanin tagulla ce, alhali shi ya sani, ya yi zalunci, kuma wajibi ne ya mayar da haƙƙin mai shi. Katekizim na Ikklisiya na 1992, a bayaninsa kan doka ta bakwai, ya lissafta cin riba daga jahilcin wani ko ƙuncinsa cikin abubuwan da dokar ta hana.

Ba na cewa dole mai tara kayan nan ya biya iyakar abin da mafi zafin masu sha'awa zai biya a gwanjo. Shi zai ɗauki nauyin jigila, shi zai jira mai saye, shi zai ɗauki asara in abin ya lalace, saboda haka yana da haƙƙin riba. Abin da ke kansa shi ne ya ce mata: "Hajarki ta fi abin da kika faɗa, ki tambayi masu sani, ga kuma abin da ni zan iya biya." Daga nan in ta ce ta gaji, ya ɗauka a haka, ta yi masa rangwame ne da idonta a buɗe, rangwame kuwa kyauta ce, mai kaya yana da ikon yin ta.

Sai dai kwalin da ba a buɗe ba yana da wata matsala wadda littafin Agustin ba shi da ita. Littafi ana buɗe shi a duba. Shi kuwa wannan inji, ranar da aka yanke ɗaurin kwalinsa wani ɓangare na darajarsa ya tafi ke nan, ba ya dawowa. Ga shi kuma shekaru ba sa ƙyale abin da ke cikin duhu. Injunan Williams na wancan zamani suna amfani da ƙananan batura uku don riƙe lissafinsu, batir kuwa in ya daɗe yakan tsiyaye, ruwansa ya cinye allon wayoyin da ke tafiyar da injin duka. Robobi sukan bushe su tsage. In sito yana da damshi, katako yakan kumbura, ƙarfe ya yi tsatsa. Mai saye yana iya biyan kuɗin sabon kaya, ya buɗe ya tarar da aikin gyara na watanni. Wannan shi ne cinikin biri a sama.

To, ashe cinikin ya zama caca ke nan, abin da aka zargi finbol da shi tun farko? A ganina ba haka ba ne, muddin duhun nan ya rufe su duka biyu daidai. Akwai wata shari'a da aka yi a jihar Wiskonsin a 1885. Wata mata ta sayar wa wani mai kayan ado ɗan dutse a kan dala 1, daga baya aka gano lu'ulu'u ne da ya kai kimanin dala 700. Ta kai ƙara, babbar kotun jihar ta ƙi warware cinikin, domin a lokacin da aka yi shi babu wanda ya san ko mene ne dutsen, daga ita har shi. Mutum yana iya jin tausayinta, ni ma ina ji, kuma da mai kayan adon ya raba ribar da ita da ya yi abin yabo. Amma ba a cuce ta ba. Haka nan in mutum biyu suka tsaya gaban kwali, kowa ya san ana iya samun lafiyayyen inji ana iya samun ruɓaɓɓe, suka sa farashi da wannan a ransu, cinikinsu tsabtatacce ne. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Inda zunubi yake shigowa shi ne inda duhun na gefe ɗaya ne. Mu juya misalin: yanzu 'ya'yan marigayin sun yi bincike, sun san darajar abin da suka gada, sun sa shi a kasuwa. Sun kuma san cewa wata shekara ruwa ya shiga siton, ya jiƙa gindin kwalin, ya bushe bai bar alama sosai ba. In suka rubuta "sabo, ba a taɓa buɗewa ba", kowace kalma gaskiya ce, amma jimlar yaudara ce, domin mai saye zai fahimci abin da su sun san ba tabbas ba ne. Akwinas ya bambanta aibi na fili da aibi na ɓoye. Dokin da ke da ido ɗaya, in ji shi, ba sai an yi shelar aibinsa ba, muddin an rage kuɗinsa, gama kowa yana gani. Amma aibin da mai saye ba zai iya gani ba, wanda zai jawo masa asara ko hatsari, wajibi ne a faɗa. Kwalin da aka rufe kuwa duk aibinsa na ɓoye ne. Tarihin ajiyarsa, wato inda ya zauna, da zafi, da damshi, da sau nawa aka ɗaga shi aka ajiye, shi ne kaɗai tagar da mai saye zai leƙa ta ciki, kuma mai sayarwa ne ke riƙe da ita.

Wani zai tambaya ko tsadar kanta ba zalunci ba ce, a ce abin wasa ya kai kuɗin da zai ciyar da iyali na tsawon lokaci. Malaman Salamanka na ƙarni na 16, irin su Fransisko de Bitoriya, sun bambanta kayan larura da kayan marmari. Mai ɓoye hatsi a lokacin yunwa don farashi ya hau yana wasa da rayukan mutane. Ba wanda zai mutu don bai sami injin finbol ba, saboda haka ƙarancinsa da sha'awar masu nemansa suna iya ɗaga farashinsa ba tare da an zalunci kowa ba. Ko ya dace mai arziki ya zuba dukiya haka kan abin da ba zai ma buɗe ya yi wasa da shi ba, wannan tambaya ce tsakaninsa da lamirinsa, da maƙwabcinsa mabukaci, ba laifin mai sayarwa ba ne. (Abin mamaki ne dai, a ƙera abu don yara da manya su yi dariya a kansa, ƙarshe darajarsa ta koma kan cewa ba wanda ya taɓa jin daɗinsa.)

Saura wani lungu ɗaya mai wuya. A 2013 aka ba da sanarwar za a sāke ƙera Medieval Madness, kamfanin Chicago Gaming kuwa ya fara fitar da sababbin a 2015. Mu ce wani mai tsohon injin ya ji ƙishin-ƙishin ɗin wannan labari kafin kowa, ya san in sababbi suka fito masu neman nasa za su ragu. Dole ne ya faɗa wa mai saye? Sisero, marubucin Roma, ya kawo irin wannan a littafinsa kan wajibai: ɗan kasuwa ya kawo hatsi daga Iskandariya zuwa tsibirin Rodas lokacin yunwa, ya san wasu jiragen hatsi suna bayansa, mutanen gari ba su sani ba. Sisero ya ce ya faɗa. Akwinas, wanda ya tsananta kan aibin kaya, a nan ya sassauta. A ganinsa adalci bai tilasta wa ɗan kasuwan ya faɗa ba, tun da farashin yau yake sayarwa, abin da ke zuwa kuwa bai zo ba tukuna, ko da yake in ya faɗa ko ya rage kuɗi ya nuna nagarta mafi girma.

Kan hatsi a lokacin yunwa na fi karkata ga Sisero, domin masu sayen ba su da zaɓi. Kan injin wasa ina bin Akwinas. Labarin sāke ƙerawa ba aibi ba ne a jikin kayan, jita-jita ce ta kasuwa, tana iya tabbata tana iya rushewa, kuma mai saye yana da kunnuwa kamar na mai sayarwa. Amma sassaucin nan yana da iyaka. In mai saye ya dubi mai kaya ya tambaye shi kai tsaye, "Ka ji ana maganar za a sāke ƙera irinsa?", to, shirun da aka yarda masa ya ƙare. Yana iya cewa ba zai amsa ba, mai saye ya yi nasa lissafin. Ba zai iya cewa bai ji ba.