Dutsen Kwatarkwashi da Tafiyar Ƙasa

Duk wanda ya taso daga Tsafe zai shiga Gusau, sai Dutsen Kwatarkwashi ya tare masa ido. Ga shi nan jibge a ƙasar Bunguɗu, yadda kakanni suka gan shi haka muka tarar da shi, direbobin da ke bin hanyar kullum ma sun daina ɗaga kai su dube shi. In ana neman abin da ba ya motsi, shi za a nuna. Alhali kuwa motsi ne ya haife shi.

Ɗauki ɓantaren irin wannan dutse, ko tsakuwar da tifa ke jibgewa a bakin gini a Tudun Wada ta Gusau, ka juya shi a rana. Za ka ga ba abu ɗaya ba ne. Ƙwayoyi ne manne da juna, wasu farare, wasu jaja-jaja, wasu baƙaƙe masu ƙyalli. Masana duwatsu sun ce ƙwayoyi ba sa girma haka sai narkakken dutse ya huce a hankali, can cikin ƙasa, zurfin kilomitoci. Wato abin da muke ɗaga kai mu kalla yau, a binne yake a dā. Ruwa da iska ne suka yi ta zaizaye abin da ke kansa har ya bayyana.

To me ya narkar da dutse a ƙarƙashin Zamfara?

Ɓawon duniyar nan ba dunƙule yake ba. Kamar fasasshiyar ƙwarya yake, sakaina-sakaina, sai dai kowace tana ɗauke da ƙasashe da tekuna. Waɗannan manyan fallaye suna zaune ne a kan dutse mai tsananin zafi wanda ke malala a hankali, don haka su ma tafiya suke yi, 'yan santimita kaɗan a shekara. Ido ba ya gani, amma na'urorin tauraron ɗan'adam suna aunawa. Rigimar galibi a kan iyaka take, inda falle ya haɗu da falle.

Wani wuri rabuwa suke yi. Bahar Maliya da alhazanmu ke tsallakawa a jirgi tsaga ce da ke ƙara faɗi, domin fallen Larabawa yana janyewa daga na Afirka da kimanin santimita ɗaya a shekara. Shi wannan falle da ke barinmu, a arewa kuma yana matsar Turkiyya, suna gugar juna gefe da gefe. Sai su cije shekaru aru-aru, rana ɗaya su kuɓce. Abin da ya faru ke nan ranar 6 ga Fabrairu, 2023, aka rasa rayuka fiye da 50,000 a Turkiyya da Siriya. Wani wurin kuwa gaba da gaba suke karo. Indiya ta tunkuyi Asiya shekaru kusan miliyan 50 da suka wuce, ƙasa ta tattare ta yi sama, aka samu tsaunukan Himalaya, kuma har gobe tunkuɗar ba ta ƙare ba.

Irin wannan karon ne aka taɓa yi a nan. Shekaru kimanin miliyan 600 baya, tsohon fallen Afirka ta Yamma ya yi karo da ƙasar da ke gabas da shi, wadda muke zaune a kanta yanzu. Duwatsu suka lanƙwashe, suka tsattsage, na can ƙasa suka narke suka kutso sama, suka daskare a hanya. Kwatarkwashi da 'yan'uwansa na wajen Tsafe saiwar waɗancan tsaunuka ne da suka shuɗe. Wani abin mamaki, dangin waɗannan duwatsu namu suna can arewa maso gabashin Barazil, don ƙasa ɗaya muke da su kafin tekun Atilantika ya buɗe. Da Bajamushe Alfred Wegener ya kawo maganar tafiyar nahiyoyi a 1912, yawancin masana watsi suka yi da ita, sai a shekarun 1960 aka sallama masa, shi kuwa ya riga ya mutu tun 1930.

Yau muna tsakiyar falle, nesa da iyaka, Allah Ya hutar da mu manyan girgize-girgizen ƙasa. Ɗan motsin da aka ji a Mpape ta Abuja a 2018 ya firgita mutane, amma bai kai ya kawo ba. Sai dai wancan tsohon karo ya bar mana gado, kuma a ganina shi ya fi cancanta mu lura da shi.

Lokacin da duwatsu suka tsattsage, ruwa mai tsananin zafi ya bi cikin tsagogin ɗauke da ma'adinai, ya huce, ya bar su a jijiyoyin farin dutse. Jijiyoyin nan ne 'yan haƙo ke bi a Anka da Maru da Bukkuyum. Amma ruwan bai yi tankaɗe ba. A wasu wuraren, inda ya ajiye zinare nan ya ajiye dalma. Mutane suka riƙa kawo dutsen gida, a daka a turmi, a niƙa a inji, ƙura ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa gubar dalma ce ke kashe yara a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya har Bagega. Yara fiye da 400 aka rasa, dubbai kuma aka yi ta jinyarsu. Ƙasa ba ta girgiza ba, ko katanga ɗaya ba ta faɗi ba.

Mai haƙo ba zai bar sana'arsa ba, kuma ba cewa nake ya bari ba. Amma don Allah, dutsen da aka fito da shi daga rami kada ya shiga gida. A niƙa shi nesa da gari, a jiƙa shi don kada ya yi ƙura, a yi wanka a sauya tufafi kafin a ɗauki yaro.