A Ƙofar Wa Ake Zuba Shara?

Kowane gari yana da juji, kuma ba a taɓa kafa shi a ƙofar fada ba. Duk wanda ya lura zai ga cewa inda al'umma ke zuba dattinta yana bayyana waɗanda ta raina. Tambayarmu a nan ita ce: shin kyakkyawar niyya ta ishi masu kare muhalli, ko kuwa wajibi ne wanda cutar ke kansa ya zauna a inda ake yanke shawara?

A shekarar 1982 hukumar jihar North Carolina ta Amurka ta fara kai ƙasar da ta gurɓata da guba gundumar Warren, wadda akasarin mazaunanta baƙaƙen fata ne matalauta, don binne ta a can. Mutanen wurin suka kwanta a kan titi don tare motocin, aka kama fiye da 500. Duk da haka aka binne gubar. A 1987 wani rahoto na cocin United Church of Christ ya nuna cewa launin fata ya fi komai nuna unguwar da ake ajiye irin wannan shara. Manyan ƙungiyoyin kare muhalli na lokacin, waɗanda kusan duk shugabanninsu fararen fata ne, hankalinsu ya fi karkata ga dazuzzuka da namun daji. Ba lalle mugunta ce ta kawo haka ba. Mutum yakan fara ganin abin da ke gabansa, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mai karatu zai iya cewa hayaƙi bai san launin fata ba, saboda haka a bar wa masana aikinsu. Gaskiya ne hayaƙi ba ya zaɓe, amma wanda ya kafa masana'antar ya yi zaɓe. Masani zai auna yawan guba a cikin ruwa, sai dai awonsa ba zai faɗi 'ya'yan wa ya kamata su sha ba. Wannan hukunci ne na adalci, kuma ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa.

To amma akwai wani tarko. Ƙungiya na iya ɗauko baƙar fata ɗaya ta zaunar a kwamiti don a ɗauki hoto. Wannan ado ne kawai. Ma'aunin gaskiya shi ne: idan ya ce a'a, aikin zai tsaya? Haka kuma launi ɗaya ba ya tabbatar da amana. A 1988, da aka jibge dubban gangunan shara mai guba daga Italiya a garin Koko na tsohuwar jihar Bendel, ba a shigo da su ba sai da hannun 'yan gida. Ke nan wakilcin da ake bukata na wanda zai shaƙi warin ne, ba na wanda ya yi kama da shi kawai ba.

Saboda haka, ina ganin niyya komai kyawunta ba ta wadatar ba. Kafin a haƙa ramin shara ko a dasa itace da sunan jama'a, a tambayi wanda zai kwana kusa da shi, kuma a yarda cewa amsarsa na iya rushe shirin.