Baki Shi Ke Yanka Wuya

Babu labarin da ke tara jama'a kamar labarin kisan kai. Da can a dandali da bakin kasuwa a ke jinsa, yau kuwa ga shi cikin littattafai da jaridu da rediyo da majigi, har akwai waɗanda ba su da wata sana'a sai ba da shi. Kusan dukansu hanya guda su kan bi. An tsinci gawa, 'yan sanda sun kama wani, sun shiga ɗaki da shi sun yi ta tambaya, ya yi ta musu, can da dare ya raba sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ne." Daga nan mai ba da labari ya kan tsaya, masu sauraro su yi ajiyar zuciya, kowa ya tashi yana cewa gaskiya ta yi halinta.

To, 'yan'uwa, ga tambayar da na ke so mu duba tare. In mutum ya amsa da bakinsa cewa shi ya yi kisa, magana ta ƙare ke nan? Yawancinmu za mu ce i, domin muna ganin babu mai hankalin da zai ɗora wa kansa laifin da zai kai wuyansa ga igiya, alhali bai aikata ba. Wannan hujja tana da ƙarfi, sau da yawa kuma daidai ta ke. Amma kafin mu yanke magana, bari mu ji abin da ya faru a wani gida a birnin Landan, na ƙasar Ingila.

Akwai wani saurayi direban mota, sunansa Timothy Evans, mutumin ƙasar Wales. Tun yana yaro ciwon ƙafa ya hana shi zaman makaranta, saboda haka ya girma ba ya iya karatu sai ɗan abin da ba a rasa ba. An kuma san shi da shara ƙarya don ya burge abokai. A shekarar 1948 ya kama haya tare da matarsa Beryl a benen sama na wani gida mai lamba 10, a titin Rillington Place, suka haifi 'ya mace, Geraldine. A ɗakunan ƙasa kuwa akwai wani magidanci mai sanyin murya, John Christie, wanda ya yi soja a Yaƙin Duniya na Farko, ya kuma yi aikin ɗan sanda na wucin gadi a na Biyu.

Ran 30 ga Nuwamba, 1949, Evans ya shiga caji ofis a garin Merthyr Tydfil, can ƙasarsu, ba wanda ya kira shi. Ya ce matarsa ta mutu, shi kuma ya jefa gawarta cikin ramin kwata da ke ƙofar gidansu a Landan. Da 'yan sanda suka je, sai da mutum uku suka taru kana suka iya ɗaga murfin ramin, ba su kuwa tarar da kome a ciki ba. Aka koma masa, sai ya sake magana. Ya ce matarsa ciki gare ta, talauci ya sa ba su son ƙarin haihuwa, Christie ya ce ya san yadda a ke zubarwa, da ya komo daga aiki sai Christie ya gaya masa abin bai yi kyau ba, ta rasu. Ya ce Christie ne ya ɗauki alkawarin ɓoye gawar, ya kuma ce zai kai yarinyar wurin waɗansu mutane su riƙe ta.

Ran 2 ga Disamba aka sami gawar Beryl da ta 'yarta a ɗakin wanki na bayan gidan, duka biyu an shaƙe su. A wannan dare aka iso da Evans caji ofis na Notting Hill a Landan. Aka shimfiɗa masa tufafin matarsa da na 'yarsa a gabansa, har da ɗamarar wuyan da aka shaƙe yarinyar da ita, aka gaya masa inda aka same su. Nan ya amsa cewa shi ya kashe su, aka rubuta, ya sa hannu.

Da aka zo gaban Joji cikin watan Janairu na 1950, a kan kisan yarinyar, Evans ya janye maganarsa. Ya ce sai a daren nan ya san 'yarsa ta mutu, hankalinsa ya tashi, ya kuma ji tsoron kada 'yan sanda su shiga da shi ciki su yi masa duka. Ya ce Christie ne ya yi kisan. Amma wa zai yarda da shi? Ga mutum ya faɗi magana iri iri, ga takarda da sa hannunsa. Babban mai shaida a kansa kuwa shi ne Christie, tsohon soja, tsohon ɗan sanda. Mutane goma sha biyu da a kan zaɓo daga cikin jama'ar gari su yanke ko mutum ya yi laifi, minti 40 kaɗai suka yi suna shawara. Ran 9 ga Maris, 1950, aka rataye Timothy Evans a kurkukun Pentonville, yana da shekara 25.

Bayan shekara uku, cikin Maris na 1953, Christie ya tashi daga gidan. Wani ɗan haya yana neman wurin da zai kafa katako a bangon ɗakin girki, sai ya ji wurin rami ne an lulluɓe da takarda. Da aka buɗe, sai ga gawar mata uku. Aka ɗaga katakon daɓe, sai ga gawar matar Christie. Aka tona lambun bayan gida, sai ga ƙasusuwan waɗansu mata biyu waɗanda ya kashe tun 1943 da 1944. Watau sa'ad da 'yan sanda ke bincike a gidan a 1949, waɗannan ƙasusuwa suna nan ƙarƙashin ƙafafunsu. Christie ya amsa kisan matan nan shida, ya kuma ce shi ya kashe Beryl, ko da ya ke bai amsa na yarinyar ba. Aka rataye shi ran 15 ga Yuli, 1953, a kurkukun da aka rataye Evans. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, har sai da rana ɗaya ta mai kaya ta zo.

Yanzu sai mu koma kan tambayarmu. Me zai sa marar laifi ya ce shi ne? Na farko tsoro. Wanda ke tsare a ɗaki shi kaɗai, ba ɗan'uwa ba lauya, ba ya tunanin igiyar da za ta zo bayan wata uku, dukan da zai zo yanzu shi ya ke gani. Na biyu gajiya da firgita. Mutumin da aka nuna wa rigar 'yarsa, aka ce ta mutu, a wannan sa'a ko cewa aka yi shi ya ƙone garin zai iya amsawa. Na uku nauyin wani laifi dabam. Evans ya san ya yarda a zubar da ciki, abin da dokar Ingila ta hana a lokacin, ya kuma san ya rufa wa Christie asiri ya gudu. Wanda zuciyarsa ke tuhumarsa a kan ƙaramin laifi ba ya da ƙarfin tsayawa ya kare kansa daga babba. Na huɗu rashin karatu. Wani ne ya riƙe alƙalami, shi ya zaɓi kalmomi, shi ya san abin da ya sa da abin da ya bari. Evans hannu kaɗai ya sa.

Akwai kuma laifin masu tambaya, wanda ba lalle ne ya zama mugunta ba. Ɗan sanda mutum ne, ya ga gawar jaririya, ransa ya ɓaci, manyansa suna jiran ya kawo mai laifi. Da ya sami wanda ya ce "Ni ne," sai idonsa ya rufe ga sauran abubuwa. A gidan nan akwai magina da suka yi aiki a kwanakin, suna ajiye kayan aikinsu a ɗakin wankin, sun kuwa ce ba su ga gawa ba a ranakun da takardar Evans ta ce gawa tana ciki. Maimakon a tuhumi takardar, sai aka sake kiran maginan aka yi ta tambayarsu, ba a kuma kawo su gaban shari'a ba. Christie kuwa an taɓa ɗaure shi saboda sata da kuma dukan wata mace, amma wannan bai sa an juya an dube shi da kyau ba. Amsawar Evans ta riga ta cika wa kowa ciki.

Wani zai ce, "To, Malam, ashe ke nan kada a yarda da kowa in ya amsa laifi? Ai sai masu kisa su cika gari, dangin mamaci kuma su rasa hakkinsu." Ba haka na ke nufi ba. Masu laifi da yawa su kan amsa don nadama, amsawarsu kuwa gaskiya ce, tana kuma sanyaya zuciyar waɗanda aka zalunta. Abin da na ke cewa shi ne, iƙirari shaida ne kamar kowace shaida, sai an auna shi. In dagaci ya kawo kuɗin haraji ya ce kaza ne, ma'aji ba ya rubuta rasit sai ya ƙidaya, ba kuwa don ya ɗauki dagacin maƙaryaci ba. In ba a karɓar kuɗi sai da ƙidaya, yaya za a karɓi ran mutum da faɗa kawai?

Ma'aunin kuwa ba mai wuya ba ne. A tambaya, shin mai amsawa ya faɗi wani abin da masu tambaya ba su sani ba, aka je aka tarar haka ya ke? In ya ce wuƙa tana cikin rijiya kaza, aka shiga aka fito da ita, to, maganarsa ta yi nauyi. Ku auna ta Evans. Abin da ya faɗa don kansa, watau ramin kwata, an je ba a ga kome ba. Abin da ya faɗa daidai, watau ɗakin wanki da shaƙewa, sai bayan da aka gaya masa aka kuma nuna masa. Bai ba 'yan sanda kome ba sai abin da suka ba shi. Lura kuma da hakkin mamaci da a ke magana. Da aka rataye Evans, an rufe shari'ar Beryl da 'yarta, mai kisan kuwa yana zaune a gidansa, har ya ƙara kashe mata huɗu. Hukunta marar laifi kyauta ce ga mai laifi.

Wannan ba sabon ilmi ba ne gare mu. Malamanmu suna karantar da labarin Ma'izu, wanda ya zo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya amsa laifin zina da bakinsa. Ba a yi caraf an kama maganarsa ba. An kau da kai daga gare shi har ya maimaita sau huɗu, aka bincika ko yana da taɓin hankali, aka bincika ko ya sha giya. Wannan fa mutum ne da ya kawo kansa, ba wanda ya tsare shi. Ina ga wanda aka kwana ana tambaya? Shi ya sa mafi yawan malaman fiƙihu suka tafi a kan cewa iƙirarin wanda aka tilasta ba ya zama hujja.

Hukumar Ingila ba ta yi saurin yarda ta yi kuskure ba. Binciken da ta sa aka yi a 1953, cikin 'yan kwanaki kaɗan, cewa ya yi Evans ne ya kashe duka biyu, Christie kuwa ƙarya ya ke yi da ya amsa kisan Beryl. Kun ga abin mamaki: an gaskata iƙirarin da ya dace da hukuncin da aka riga aka yanke, an ƙaryata wanda ya saɓa masa. A 1961 wani marubuci, Ludovic Kennedy, ya fitar da littafi a kan shari'ar, ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya, jama'a suka tashi da magana. A 1965 aka dakatar da hukuncin rataya a kan kisan kai a ƙasar, a 1969 aka tabbatar da sokewar. A 1966 Sarauniya ta yafe wa Evans, shekara 16 bayan mutuwarsa, a 2004 kuma manyan alƙalai suka yarda cewa bai kashe matarsa ba, bai kashe 'yarsa ba. Wata doka ta 1984 ta kawo tsarin ɗaukar muryar mai tambaya da wanda a ke tambaya a na'ura, ta kuma tabbatar wa wanda aka kama ikon ganin lauya.

Mu ma a Nijeriya, da ya ke mun gaji tsarin kotunan Ingila, dokar shaida ta 2011 ta hana kotu karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar gallazawa. Dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta ce ana iya ɗaukar jawabin wanda a ke tuhuma a gaban lauyansa, in kuwa ba ya jin Turanci, tafinta ya rubuta ya karanta masa har ya fahimta kafin ya sa hannu. A 2017 aka yi dokar da ta mai da azabtarwa laifi. Amma doka a takarda ba ta ceton wanda bai san da ita ba.

Saboda haka akwai nauyi a kan mai ba da labari, akwai kuma a kan mai ji. Labarin Kennedy ya taimaka an wanke mamaci domin bai tsaya inda aka ce "Ni ne" ba, daga nan ma ya fara tambaya. Mai labarin da ya kan tsaya a nan kuwa yana koya wa jama'a cewa duk wanda ya shiga ɗakin tambaya mai laifi ne, jira kawai a ke yi ya gaji. Jama'ar da ta saba da wannan, ita ce gobe za ta taru a kan wanda aka yi wa ihun ɓarawo, ta buge shi har ya amsa, sa'an nan ta ce ai shi ya faɗa da bakinsa.

Ku da Allah ya nufa kuka koyi karatu da girmanku, kun sami abin da Evans ya rasa. Kada ku sa hannu ko ku dangwala yatsa a takardar da ba ku karanta ba, kome gaggawar mai miƙo ta. In maƙwabci bai iya ba, ku karanta masa. In kuma kun ji an ce wane ya amsa kisa, ku tambaya a gaban wa ya amsa, bayan kwana nawa a tsare, me kuma aka gano ta dalilin maganarsa. Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya, amma ba su ce duk wuyan da baki ya yanka na mai laifi ne ba. Allah ya kiyashe mu da zaluntar wani, ya kuma kiyashe mu da bakunanmu, amin.