Layar zana a baibai

Ranar wata Asabar bayan la'asar na leƙa gidanmu na Unguwar Dosa, can wajen makarantar Sardauna Memorial, na tarar an kwashe kayan falo kaf. An jingine teburin tsakiya da bango, an naɗe darduma, har fulas ɗin shayin Hajiya, mahaifiyata, an gudu da shi kicin. A tsakiyar falon ɗan ƙanwata ne tsaye, saurayi ɗan shekara 17, da wani farin abu ɗaure a fuskarsa ya rufe masa idanu ruf. Kowane hannu yana riƙe da wata 'yar na'ura, yana ta kai wa iska naushi. Ya sunkuya, ya goce, ya sake kai duka. Ƙannensa uku sun jeru a bakin ƙofa, dariya har da riƙe ciki. Na yi sallama sau biyu, ko gezau.

Hajiya ta ce, "Kada ka wahalar da bakinka. Tun azahar mijin nawa ya sa takunkumi yake dambe da aljanu."

Abin da Hajiya ta kira takunkumi sunansa Meta Quest 3, aronsa yaron ya yi daga wani abokinsa na kwana biyu. A cikinsa akwai ƙananan allunan hoto guda biyu, kowane ido da nasa, kuma hoton da ake nuna wa idon dama ya ɗan saɓa da na hagu. Haka idanunmu suke ganin duniya dama, shi ya sa ƙwaƙwalwa take yarda cewa abin da ke gabanta yana da nisa da zurfi. A jikinsa kuma akwai kyamarori da suke bin motsin kai da na hannu. Ka waiga, hoton ya waiga da kai. Ka ɗaga kai, ka ga sararin sama na wani gari da babu shi. Tun 2014 kamfanin Facebook ya sayi kamfanin Oculus mai ƙera irin wannan tabarau, a kan kimanin dala biliyan 2, kuma saboda son wannan harka ne ya sauya wa kansa suna zuwa Meta a 2021. Shi wannan samfurin ya fito a 2023 a kan dala 499. Mai karatu ya juya kuɗin zuwa naira da kansa, zai gane dalilin da ya sa aro ne.

Wasan da yaron yake bugawa shi ne na Batman, wanda kamfanin Camouflaj ya fitar a watan Oktoban 2024. Ba kallon Batman kake yi ba, kai ne shi. Ka duba hannunka ka ga baƙar safar jarumin, ka kai naushi ɗan daba ya faɗi. Amma a lokacin hirar samarin layinmu duk ta koma kan wani sabo da ake jira, na jarumin nan mai surutu da jajayen kaya, Deadpool, wanda aka sanar a watan Yunin 2025 cewa kamfanin Twisted Pixel yana haɗawa. Yaron ya yi mini bayani da zumuɗi: "Kawu, shi fa ba ya mutuwa. Ko hannu aka sare masa, wani zai tsiro."

Na ce masa ai wannan tsohon labari ne a wurinmu. 'Yan tauri sun daɗe suna goga wuƙa a ciki tana lanƙwashewa a gaban jama'a ranar hawan salla. Muna yara mun sha jin labarin baduhu, da layar zana wadda in mutum ya matsa ta sai ya ɓace wa masu binsa. Gandoki, wanda Bello Kagara ya rubuta labarinsa tun shekarun 1930, shi kaɗai yake tarar runduna. Kwaɗayin a ce ƙarfe ba ya cin ka, ido ba ya ganin ka, ba Amurka ce ta ƙirƙiro shi ba. Ita dai ta zuba shi a akwati ta sa masa farashi.

Sai dai da na zauna na ƙare wa yaron kallo, na ga wannan laya a baibai aka ɗinka ta. Mai layar zana yana ganin kowa, ba mai ganin sa. Mai takunkumi kuwa kowa yana ganin sa, shi ne ba ya ganin kowa. A can inda yake, jarumi ne a kan rufin bene cikin dare, gari yana tsoron sa. A nan inda muke, yaro ne da singileti da gajeren wando, bakinsa a sake, yana dukan iska kusa da kalandar bango. Ƙanwarsa ta zo dab da hancinsa ta yi masa gwalo. Ƙaninsa ya zare masa naira ɗari biyu daga aljihu ya nuna mana ya mayar. Duk bai sani ba.

A gidan gem na unguwa ba haka abin yake ba. Talabijin ɗaya ce, yara goma sun kewaye ta, biyu suna buga ƙwallo a PlayStation, sauran suna ihu da ba da shawarar da ba a nema ba. Abin da mai wasa yake gani shi 'yan kallo suke gani. In ya yi shirme a take zai ji a kunnensa, in an ci shi ya miƙa wa na gaba. Ba ya samun damar mantawa da inda yake.

Masu ƙera na'urar sun san da wannan matsala, kuma sun yi mata tanadi. Kafin ka fara wasa sai ka shata iyakar filinka a ƙasa, shawararsu ita ce mita 2 tsawo, mita 2 faɗi, babu kaya a ciki. In ka matso bakin iyakar sai wata raga ta bayyana a idonka ta gargaɗe ka. Akwai ma hanyar leƙo waje: ka ƙwanƙwasa gefen tabarau sau biyu, sai ya nuna maka ɗakin da kake ciki. To amma wa zai tsaya ƙwanƙwasa tabarau alhali ƙarti uku sun yo kansa? Kuma falonmu, kamar yawancin falukan unguwar nan da aka yanka gidaje aka mayar ɗaki-da-falo, ba shi da wannan fili. Ragar ta dame shi da fitowa, sai ya koma ya sake shata iyakar, ya tura ta har jikin bango don ta bar shi ya sake. Ba a yi minti goma ba muka ji ƙum. Ya dunƙule hannu ya bai wa ƙofar ƙarfe abin da ya tanadar wa ɗan daban Gotham, garin Batman. Hannun bai tsiro sabo ba, man zafi Hajiya ta shafa masa tana yi masa tsiya.

Wannan matsar da iyaka ita ta tsaya mini a rai, don na san ta a wurin manya. Mutum ya samu kujera ko kuɗi, sai a ɗaura masa nasa takunkumin: mota mai baƙin gilashi da za ta haye gadar Kawo da shi bai ji ƙurar titi ba, da 'yan amshin Shata da suke nuna masa gari yadda yake so ya gan shi. A ciki shi gwarzo ne. Mu da ke waje muna ganin hular ta karkace. In akwai wani tsohon aboki ko ƙane mai faɗa masa cewa ya kusa bango, da farko zai saurara, daga baya abin ya gundure shi, ya matsar da mutumin can nesa inda muryarsa ba za ta iso ba. Kuma ba sai mai mulki ba. Na ga maigida da waya a hannu yana sheƙa wa mutanen wata jiha zagi a Facebook, ana ta yaba masa, yarinyarsa tana tsaye a gefe da littafin aikin gida tun ɗazu. Kada in yi nisa, maigidan nan ni ne.

Bayan ƙofa ta yi masa hukunci, yaron ya yi dabara. Ya ɗauki ƙanwarsa, mai gwalon nan, aikin jagora a kan alawa biyu. Ta zauna a hannun kujera tana cewa, "Yaya, baya kaɗan. Yaya, fanka." Jarumin da birni guda yake jin tsoro ya koma yana bin umarnin 'yar aji huɗu, kuma daga nan bai sake bugun komai ba.

Dab da magariba suka matsa sai na gwada. Suka sa mini wasan Iron Man, wanda ya fara fitowa a 2020, inda ake tashi sama ta hanyar juya tafin hannu ƙasa. Na juya, sai ga ni a kan teku, duwatsu suna wucewa ta gefena. Gaskiya da daɗi. Sai dai ido yana ce wa ƙwaƙwalwa ana gudu, cikin kunne, inda ma'aunin daidaiton jiki yake, yana cewa ana tsaye, kuma in suka saɓa haka ciki ne yake biyan kuɗin. Hajijiya ta ɗebe ni kamar yaron da ya yi juyi a tsakar gida. Duk da haka na daure, na harbo jirage biyu, na juya wajen da nake zaton Hajiya take na ɗaga mata hannu, na ce ta ga aikin ɗanta.

Da aka zare mini abin, sai na ga bango nake yi wa magana, na ba ta baya. Hulata tana ƙasa, wayoyi biyu suna ɗauka ta, ladanin masallacin layinmu har ya kai rabin kiran salla ban ji ba. Hajiya ta miƙo mini buta ta ce, "To sannu da sauka. Sai a je a yi alwala."