KWANAKIN TSAKIYAR TEKU: AMSA GA WANI ƊAN UWA



Wani ɗan garinmu Illela da ke harkokinsa a Saudiyya ya turo min tambaya. Zai shiga jirgin ruwan shaƙatawa daga Jidda shi da iyalinsa, kuma akwai ranakun da jirgin ba ya tsayawa ko'ina, ruwa gaba ruwa baya. Wai Malam, me zan yi da su?

Na yi dariya, don ni ko kwalekwale ban cika son shiga ba. Amma tambayar ba sabuwa ba ce. Kakanninmu sun tafi hajji a ƙasa ta Chadi da Sudan, wani ya shekara biyu a hanya, sannan daga Sawakin ya hau jirgi ya ƙetare Bahar Maliya. Su ba su da ɗakin sanyi, amma ba su bar salla ba.

To, ɗan uwa, fara da sallar. Matuƙar kana iya tsayuwa, ka yi ta a tsaye. In igiyar ruwa ta yi ƙarfi ko jiri ya kama ka, ka zauna. Ka fuskanci alƙibla, kuma in jirgi ya juya kana cikin farilla, kai ma ka juya. Kai matafiyi ne: Azahar, La'asar da Isha'i raka'a biyu-biyu, Juma'a kuma ba ta wajaba a kanka ba. Kada ka dogara da jadawalin Jidda, domin jirgi tafiya yake, lokaci yana sauyawa. Fita ka dubi rana. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, kifinsa halal ne.

Sauran yinin fa? Ka ware juzu'i ɗaya bayan Asuba. Ka zauna da yaranka ka ba su ƙissar Annabi Nuhu da ta Annabi Yunus suna kallon ruwan da idonsu. Wallahi ba za su manta ba. Ka yi hira da maiɗakinka ba waya a hannu, ka zaga, ka yi barcin rana. Hutu ba laifi ba ne. Inda ake caca ko shan giya ko tsiraici kuwa, in akwai, ka canza hanya.

Mu a nan mun ga irin waɗannan kwanaki a tudu. Da aka rufe boda bayan juyin mulkin Nijar na 2023, manyan motoci suka yi dogon layi tsakaninmu da Ƙonni. Na san direban da ya ƙarar da kuɗin hanyarsa a karta a gindin mota. Na kuma san wani yaron mota da kullum yake zuwa masallacinmu bayan Magariba, har ya gyara Fatiharsa, yana da shekara kusan talatin.

In ka dawo, ka rubuto min yadda ka gano alƙibla a ranar farko. Masu tambaya irinka suna ƙaruwa, ni kuma ban taɓa gwadawa ba.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.